Mun riƙe asubar kakanninmu, mun saki darensu

Bahaushe da kwana yake ƙirga rayuwarsa. In jariri ya cika mako sai a ce ya kwana 7, in mutum ya tsufa a ce ya kwana biyu a duniya, in ya rasu a ce kwana ya ƙare. Kuma kalmar farko da zaka durƙusa ka faɗa wa mahaifinka da safe ita ce ina kwana, wato kafin a tambayi aiki ko kasuwa ko iyali, daren ake fara tambaya, an tashi lafiya? Mun saba amsawa da lafiya lau ba tare da mun tsaya mun yi tunani ba, amma da za a yi gaskiya yawancinmu yanzu ba lafiya lau muke kwana ba, kuma abin yana cin jikinmu a hankali ta hanyoyin da ba ma alaƙanta su da bacci ko kaɗan.

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi. Kakata, Allah Ya jiƙanta, a gidanta ana gama tuwon dare tsakanin magariba da isha'i, in an idar da isha'i a ɗan taɓa hira a tsakar gida, yara a yi musu tatsuniya ɗaya ko biyu, kafin ƙarfe 9 da rabi ta hure fitilar ƙwai shi kenan gida ya yi tsit. Kiran assalatu wajen ƙarfe 5 ya same ta ta riga ta farka da kanta. In ka ƙirga zaka samu awa 7 da ɗoriya, ga kuma ɗan kishingiɗar da take yi da rana in zafi ya buɗe. Mu jikokinta mun gaji tashin asubar nan, don sallah ba ta canza lokaci ba, makarantar yara da cunkoson hanya ma ba sa jira, amma kwanciyar farkon daren mun watsar da ita. Ana dawowa daga gidan kallon bal ko majalisa wajen 11, a biya ta wajen mai shayi, a shiga ɗaki a ɗauko waya, ga garaɓasar data ta tsakar dare, ga wuta da wani lokacin sai ƙarfe 12 ake kawowa mutum ya tashi guga da cajin kaya, kafin ka ankara ƙarfe 1 ta wuce. Daga 1 zuwa 5 awa 4 ne. Alhali abin da likitocin bacci suka tsaya a kai shi ne baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, wanda ya haura shekara 65 kuma 7 zuwa 8, matashi ɗan sakandare 8 zuwa 10.

To me ake asara a cikin awa 3 ɗin nan da muke yankewa kullum? Sai an fahimci yadda baccin yake aiki tukuna.

Abu biyu ne ke jan mutum zuwa bacci. Na farko kamar bashi ne da ke taruwa. Tun daga lokacin da ka buɗe ido, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, yana ƙaruwa yana ƙaruwa har ya kai ka ga hamma da gyangyaɗi, kuma ba abin da ke share shi sai baccin kansa. Shi ya sa da aka ce bacci ɓarawo ne ba a yi ƙarya ba, zai zo ya karɓi nasa ko kana kan abin sallah ko kana riƙe da sitiyari. Na biyu agogo ne da Allah Ya dasa a cikin jiki, wani ɗan ƙaramin gungun ƙwayoyin jijiya a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke karɓar labarin haske kai tsaye daga ido. In gari ya waye ya ga haske sai ya tada jiki, in duhu ya shiga sai ya ba da umarni a saki melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki cewa dare ya yi, zafin cikin jiki ya fara sauka, bugun zuciya ya lafa. Wannan agogon ba ƙaramin abu ba ne, a kansa ne wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017, bayan sun gano ƙwayoyin gadon da ke juya shi ta hanyar nazarin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace. Kuma ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da agogo ba, hanta da hanji da sauran gaɓɓai kowa da nasa, duk suna bin na saman. Idan ka ci taliya da ƙwai da shayi mai kauri ƙarfe 12 na dare a ƙarƙashin farin ƙwan sola, kana gaya wa ido da ciki cewa rana ce, alhali sauran jiki ya riga ya rufe shago.

Shi kuma baccin ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A farkon dare bacci mai nauyi ya fi yawa, irin wanda in aka tashe ka a cikinsa sai ka yi ta magagi baka san inda kake ba, a nan ne jiki ke gyaran tsoka da nama, a nan ake sakin yawancin sinadarin girma, wanda yara suka fi kowa buƙata. Can wajen asuba kuma baccin mafarki ne ya fi yawa, wanda idanu ke ta motsi a ƙarƙashin fatar ido, masu bincike a jami'ar Chicago ne suka fara bayyana shi a 1953, kuma yana da hannu wajen daidaita tunani da sanyaya abin da ya ɓata wa mutum rai da rana. Wanda ya kwanta ƙarfe 1 ya tashi 5, jiki zai yi ƙoƙari ya fara biyan mai nauyin, sai baccin mafarkin ya tafi a guntule. Kaga dalilin da ya sa mutum zai tashi da saurin fushi, abu kaɗan ya hau matarsa ko yaransa da faɗa, ɗalibi ya kwana yana karatu ya shiga jarrabawa abin ya gudu, don a cikin bacci ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka koya. Duk wanda ya taɓa hadda ya san wannan, allon da ya ƙi zama da dare sau da yawa da asuba zaka same shi ya kwanta.

A nan ma bari in taɓa maganar dannau, don tana tsorata mutane sosai. A lokacin baccin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓɓai da gangan don kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani a mafarki. Wani lokaci hankali sai ya riga jiki farkawa, kana ji kana gani amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ƙirji ya yi nauyi, har ka ga kamar wani abu a ɗakin. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ya fi samun wanda baccinsa ya yi ƙaranci ko ya rikice, da mai kwanciya rigingine. Ka yi addu'arka ta kwanciya, wannan ba wanda zai hana ka, amma ka duba awa nawa kake samu.

Yanzu ga inda abin ya fi damuna, wato ciwukan da suka cika asibitocinmu. Hawan jini da ciwon suga sun zama kamar ruwan dare, kowane gida akwai mai shan magani, muna ta maganar gishiri da magi da lemon kwalba, wanda gaskiya ne, amma da wuya ka ji an ambaci bacci. A mai lafiya, in ya yi bacci jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, wannan ne hutun da zuciya da jijiyoyi ke samu a awa 24. Wanda ke gajarta dare yana gajarta musu hutun ne, shekara da shekaru. Har ta kai ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2022 ta saka bacci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, kusa da abinci da motsa jiki da barin taba. Batun suga kuwa, a 1999 a jami'ar Chicago an ɗauki samari 11 lafiyayyu aka hana su wuce awa 4 a gado har dare 6, da aka gwada su sai aka ga jikinsu yana jinkirin kwashe suga daga jini da kusan kashi 40 cikin 100. Samari ne fa masu jini a jika, a ƙasa da mako guda. Awa 4 ɗin nan kuma ita ce daidai wadda na lissafa a sama, wadda wasunmu suka shekara 10 a kanta. Ƙari a kan haka rashin bacci yana rikita sinadaran yunwa da ƙoshi, sai ka ga mutum yana ta sha'awar zaƙi da maiƙo, tumbi yana fitowa.

Garkuwar jiki ma haka. A wani gwaji da aka wallafa a 2015 a Amurka, an bibiyi baccin mutum 164 na mako guda sannan aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu, waɗanda ke yin ƙasa da awa 6 sun ninka masu wuce awa 7 kamuwa fiye da sau 4. Akwai kuma binciken jami'ar Rochester na 2013 a kan ɓeraye, da ya nuna ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya fi ratsa ta yana wanke dattin da ya taru a lokacin bacci, har da irin dattin da ake gani a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta tsufa. Masana na ci gaba da muhawara a kan wannan, amma alaƙar rashin bacci na dogon lokaci da raunin ƙwaƙwalwa ta fito a nazarce-nazarce da yawa.

Sai hanya. A Ostireliya an auna mutanen da suka yi awa 17 ba su runtsa ba, aka samu hankalinsu da saurin hannunsu ya yi daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Direban da ya tashi asuba ya yi lodi, ya kama hanyar Legas ko Fatakwal da dare, a awa ta 17 yake tun kafin tafiyar ta yi nisa. Mu da ko a mafarki ba zamu yarda mu shiga motar mashayi ba, muna shiga ta wanda bai yi bacci ba muna ce masa direba ka taka. Goro da Nescafe da lemukan ƙara kuzari da yake ta ɗurawa ba sa biyan bashin, abin da sinadarin kafeyin ke yi kawai shi ne ya toshe wurin da adenosin ke zama don kar ƙwaƙwalwa ta ji saƙon gajiya, bashin na nan yana taruwa a bayan ƙofa. Kuma kafeyin na daɗewa, bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini, don haka shayin ƙarfe 9 na dare yana tare da kai har asuba ko da ka samu ka yi baccin, zai rage masa nauyi.

Idan ka dawo ka kalli tsarin tsofaffinmu da wannan idon, sai ka ga kusan kowace doka tasu ta faɗa daidai kan agogon nan. Cin tuwo da wuri. Kwanciya bayan isha'i, wanda asalinsa ma sunna ce, don ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son bacci kafin isha'i da hira bayanta. Fita da sassafe zuwa masallaci da gona, wanda ke sa hasken safiya ya shiga ido ya saita agogon, kuma wannan hasken na safe shi ne babban abin da ke sa bacci ya zo da wuri in dare ya yi. Aikin ƙarfi da rana. Yayyafa ruwa a tsakar gida lokacin bazara a shimfiɗa tabarma a waje, da watsa ruwa kafin a kwanta, don jiki ba ya shiga bacci sosai sai zafinsa ya sauka, duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba wuta ya san haka. Sai ƙailula, wadda sahabbai suka san ta har Sahlu ɗan Sa'adu yake cewa ranar Juma'a ba sa yin ta sai bayan an sauko. Agogon jiki da kansa yana ɗan yin sanyi tsakanin azahar da la'asar ko ka ci abinci ko baka ci ba, kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wa matuƙa jirgin sama ɗan baccin da bai wuce minti 26 ba a tsaka-tsaki ta ga sun fi natsuwa a sauran tafiyar. Sirrinta gajarta, minti 20 zuwa 30, in ta zarce ka faɗa cikin mai nauyi ka tashi da ciwon kai.

Hatta hanin da suke yi na baccin bayan la'asar, da ake ce mana yana kawo taɓin hankali. Ruwayar da ake jingina maganar da ita malaman hadisi da dama sun ce ba ta inganta ba, kuma ba wanda zai haukace don ya kwanta ƙarfe 5. Amma wanda ya yi baccin yamma ya biya rabin bashin adenosin ɗinsa a lokacin da bai dace ba, dare ya yi ido ya bushe, gobe ya makara, jibi ya sake ramawa da yamma, haka zai yi ta juyawa. Sun ga illar da idonsu tsawon zamani, dalilin da suka ba mu ne kawai ya bambanta.

Ba ina cewa mutanen da suna kwana awa 10 ba ne. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Jerome Siegel na jami'ar Kalifoniya ta auna baccin al'ummomi uku da ba su da lantarki, Hadza a Tanzaniya da San a Namibiya da Tsimane a Bolibiya, aka samu baccin nasu na tsakanin awa 6 zuwa 7 ne, ba su kwanta da faɗuwar rana ba, sukan yi kamar awa 3 suna hira a bakin wuta. Amma lokacin tashinsu kusan ɗaya ne kullum, wajen fitowar rana, suna shan hasken safe, kuma rashin iya bacci ya yi ƙaranci a cikinsu har San da Tsimane ba su da kalmarsa a harshensu. Wannan ya yi kama da gidan kakata ƙwarai, tsari ne da ba ya canzawa ranar Asabar ko Talata.

Sai dai girmama dattawa bai tsaya kan karɓar nasiharsu ba, akwai kula da nasu baccin, kuma a nan muna da sakaci. Mun ɗauka tsoho ba ya buƙatar bacci tunda muna jin motsin butarsa tun ƙarfe 3. Buƙatar na nan, iyawar ce ta ragu. Da shekaru agogon jiki yana matsowa gaba, sai bacci ya kama shi tun ƙarfe 8 ya kuma sake shi tun kafin assalatu, mai nauyin ya ragu, abu kaɗan ya farkar da shi. Wannan kam tsufa ne ba cuta ba. Amma akwai waɗanda cuta ce muke kira tsufa. Baba da ke tashi fitsari sau 4 sau 5 a dare, zai iya zama suga ne, ko kumburin furostet, wani ƙululu da ke ƙasan mafitsarar namiji, ko kuma maganin hawan jini mai sa fitsari ne yake sha da yamma maimakon da safe, abin da likita zai gyara a zama ɗaya. Inna da ciwon gwiwa ke hana ta juyi. Wanda aka yi wa rasuwar abokin zama ya kwana yana tunani ba ya faɗa wa kowa. Sai minshari, da muke ɗauka alamar bacci ya yi daɗi. In mai minshari yana yi yana ɗaukewa shiru na wasu daƙiƙoƙi sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe shi, ga gyangyaɗi da rana ko ana tsakiyar magana, wannan maƙogwaro ne ke rufewa, iskar jini na sauka sau da dama a dare, kuma yana daga cikin abubuwan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani. Matar da ke kwana kusa da shi ita ta fi kowa sanin wannan, ya kamata a saurare ta a gaban likita.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a daina zuwa kemis a sayo wa tsoho maganin bacci haka kawai. Irin su diazepam da ma wasu magungunan mura masu sa bacci suna daɗewa a jikin mai shekaru, su sa shi jiri da ruɗewa, ya tashi fita bayi cikin duhu ya faɗi, kuma karayar ƙugu a shekara 75 ba ƙaramin abu ba ne, da yawa daga nan ba sa sake miƙewa. Kafin magani a duba goron da yake ci bayan la'asar, a mayar da shi na hantsi, a rage shan ruwa da yawa dab da kwanciya, a sa masa 'yar fitila a hanyar bayi, a ɗaura gidan sauro, a fito da shi ya sha hantsi a ƙofar gida maimakon wuni a ɗaki mai duhu, jikoki kuma su rage ƙarar waya da talabijin in ya kwanta.

Su ma iyaye akwai inda za su sassauta. Yaro in ya balaga agogonsa baya yake ja, bacci ba ya zuwar masa da wuri kamar na ƙannensa, ga shi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, don haka nauyin tashinsa da safe ba duka ne lalaci ba. Maganin shi ne a karɓi wayar tun ƙarfe 9 a ajiye ta a ɗakin Mama, amma fa sai in babban ma ya ajiye tasa.

Na san akwai waɗanda ba zaɓinsu ba ne, maigadi da ma'aikaciyar jinya da mai gidan burodi da mai jego da jariri ke tasa sau 3 a dare. Waɗannan sai dai gida ya taimaka musu, a rufe musu taga da labule mai kauri da rana, a hana yara buga ƙofa, a daina ce wa wanda ya kwana aiki ya cika bacci. Haka masu ibadar dare, musamman goman ƙarshe na azumi da ake haɗa tahajjud da sahur da fita aiki, su tuna Annabi ya ce wa Abdullahi ɗan Amru jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka, ya kuma ce wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya je ya kwanta har baccin ya sake shi. Malaman da muka sani masu tsayuwar dare ai da wuri suke kwanciya, su kuma riƙe ƙailula.

Ni dai abin da na gwada a gidana bai wuce uku ba, shayi na ƙarshe kafin la'asar, waya tana kwana a falo, ƙarfe 10 a kashe fitila ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Makon farko da wuya, ina kwance ido biyu har wajen 12. A mako na uku na fara farkawa kafin ladan, ciwon kan da nake tashi da shi ya tafi. Da na je gaida mahaifiyata nake ba ta labari, sai ta tambaye ni ƙarfe nawa yaran suke cin tuwo, na ce wajen 9, ta ce to a dawo da shi bayan magariba.